Daga Tsakiyar Tafi

"Ɗauki abinka," in ji Falmata. Ta dire baƙar leda a kan teburin yanka, ko kallona ba ta yi ba.

Na buɗe. Sikocin lallen, wato salatif ɗin zane, da na yanka mata ne, an ɓare shi daga hannu an dunƙule, lalle ya bushe a jikinsa.

"Bai kama ba?"

"Ya kama. Da bai kama ba ai da da sauƙi."

"To me ya faru?"

"Rukaiya maƙwabciyarmu na gwada wa. Tana can ta naɗe hannu a mayafi, ko ƙofar gida ta ƙi leƙawa. Furen tsakiyar tafi ya koma gindin babban yatsa. Ganyen yatsu ya tsaya a rabi, kamar an sa wa ƙato wandon yaro."

"A hannunki na auna."

"Ni kaɗai ce mai hannu a Diffa?"

Na yi shiru. Halina ne. In magana ta yi zafi sai bakina ya rufe, mutane su ɗauka raini ne. Ta gyara lafayarta mai ruwan toka da ɗigon ja, ƙamshin humrarta ya danne warin gam ɗin shagon. Ko da fushi take, sai da na ji daɗin tsayuwarta a wurin.

"Ya ta gani?" na tambaya. Ya take ce wa mahaifiyarta, kamar yadda Barebari ke yi.

"Ita ta ɓare mata shi."

"Me ta ce?"

"Ka tabbata kana son ji?"

"Faɗi."

"Ta ce jan lalle ba alli ba ne, in ya zauna a fata sai ya ga dama zai tafi. Ta ce za ta ba ƙarfenka, injin yankan nan naka, dama ɗaya, a bikin Juwairiyya. In ya kunyata ta a gaban matan gidan Alhaji, ka manta hanyar gidanmu. Ko sallama kada ka yi."

"Ke fa?"

"Ni ɗiyarta ce, Nasidi."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Kawu Barau, wanda tun shigowarta ya manna kunne a rediyo kamar ana karanta sunansa, ya rage murya ya ce, "Wuƙata dai kake cinyewa a banza."

Masu karatu, na ga wasu sun shigo mana sababbi, suna tambaya a ƙasa wane ne wane. Bari in taƙaita, ba na son dogon zance.

Sunana Nasidi. Mu 'yan Damagaram ne. Na zauna jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare na faɗi, Baba ya ce ba zai iya kallona ina kwance a zaure ba, ya turo ni Diffa wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Barau. Shagonsa na bayan kasuwa, yana rubuta allunan butik, wato shaguna, da sitikar motoci. Yana da injin yanka sitika, tsawonsa kamar benci. Wata 'yar wuƙa ce a bakin wani kai mai gudu hagu da dama, tayoyi kuma suna jan sikoci gaba da baya. Lokacin da na zo, ordinatar, wato kwamfutar da ke ba injin umarni, ta mutu, zafi ya cinye ta. Kawu ya rufe injin da tsohon zane, yana ɗora kofin shayi a kai.

Ni na tashe shi. Na samo littafin umarninsa a waya, na haɗa wayar da shi da igiya, na fara yi masa magana da harshensa. Harshen ba shi da yawa. PU, ɗaga wuƙa. PD, sauke wuƙa. PA da lambobi biyu, je wuri kaza, ka auna daga kusurwar da ka tashi. Arba'in a wurinsa milimita ɗaya ce. Kowace magana sai ka rufe ta da waƙafi mai ɗigo, in ba haka ba ya tsaya yana jiranka. Ba ya hasashe, ba ya ƙari, ba ya tambayar me kake nufi. Wataƙila shi ya sa muka saba.

Ya Amina kuwa, mahaifiyar Falmata, daga Bosso suka gudo shekarar da aka kai hari na biyu. A can, an ce amarya ba ta cika amarya ba sai rezar Ya Amina ta yanka mata sikoci. Kun san yadda ake yi: a shimfiɗa baƙin sikoci, wanda 'yan Najeriya ke ce wa salatif, a kan faranti, a yanke fure da ganye da reza, a manna a hannu, a shafe lalle a kai. Inda aka huda ya yi ja, inda aka rufe ya zauna fari. Sai dai yanzu hannunta na dama ya fara rawa. Tana ɓoye shi cikin lafaya, ko ta riƙe carbi don a ce shi take ja. Duk da haka ta karɓi aikin bikin Juwairiyya, ɗiyar Alhaji, wani babban dillalin tattasai, amarya da ƙawayenta da gwaggonninta. Falmata ta iya mannawa da shafawa, amma yankanta bai kai ba. Shi ne ta zo mini a ɓoye.

Akwai kuma Isma'ila. Shi ma Falmata yake nema. Shofer ne, direban wata ƙungiyar agaji ta ONG, farar mota mai doguwar eriya. Yana gaida Ya Amina da Barbarci tsantsa, yana durƙusawa har ƙasa. Ni kuwa sunana a bakinta ɗan Afuno, wato Bahaushe, mai latsa waya. To kun ji inda muke.

Bayan la'asar saƙon Falmata ya shigo.

"Gobe da safe muna gonar Baba ƙarami, bakin kogi. Ana tsinkar tattasai."

Na rubuta, "In zo?"

"Ban ce ba."

"To me ya sa kika gaya mini?"

"Kai ma sai an rufe maka magana da waƙafi mai ɗigo kake ganewa?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Kawu ya ce murmushin me nake yi. Na ce ba komai.

Washegari na sa farar rigata mai aljihu biyu, wadda ba ta da tabon fenti, na shiga motar masu zuwa gona. Wanda bai taɓa ganin bakin Kumadugu lokacin tsinka ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙasa ta yi ja har inda ido ya tsaya, an baza tattasai yana shan rana. Yajin yana kama maƙogwaro tun daga nesa. Injinan ban ruwa na ta bugu, tsallaken ruwan kuma Najeriya ce, kana hango shanunsu.

Ya Amina na zaune a gindin tsamiya tana cire hancin tattasai. Falmata na gefe, ta ɗaure lafaya a ƙugu, ta yi kamar ba ta san da zuwana ba.

Na durƙusa. "Wushe, Ya."

"Lafiya lau," ta amsa da Hausa. "Bar Barbarcin nan, kana ji masa ciwo."

Matan da ke kusa suka yi dariya. Na bari suka gama.

"Na zo ki nuna mini inda na ɓata."

"Ƙarfen bai gaya maka ba?"

"Ba ya magana, Ya. Ji kawai yake yi."

"Ashe ya fi wasu." Ta jefa tattasai cikin kwando. Sannan ta ce, "Daga ina kake farawa?"

"Daga kusurwa."

"Wace kusurwa?"

"Ta sikocin. Ta ƙasa, hagu. Komai daga nan nake aunawa."

Ta kalli Falmata. "Kin ji? Ɗaki yake ginawa." Ta juyo gare ni. "Hannu yana da kusurwa?"

Na kalli nawa hannun. Ba shi da ita.

Ta matsa bakin lambatun da ruwa ke bi zuwa kunyoyi, ta daddale danshin ƙasa da tafinta. Ta kamo hannun Falmata ta danna a kai, ya bar sawu. Na san hannun nan. Ƙaramin yatsan ya karkace waje, ƙofar mota ce ta datse shi ranar da suka baro Bosso. Sai ta danna nata hannun a gefe, faffaɗa, gajerun yatsu. Ta karyi tsinke.

"Duba." Ta yi ɗigo a tsakiyar sawun Falmata, ta yi wani a tsakiyar nata. "Nan. Babba da yaro, mai ƙiba da siriri, kowane hannu yana da nan. Fure a nan yake zama. Daga nan ka hau gindin babban yatsa. Ka yi ganye. Daga bakin ganyen ka ɗan tsallaka, ka yi wani. Daga bakin wannan ka yi wani, har yatsa ya ƙare. In dogo ne ya ci ganye da yawa, in gajere ne ya ci kaɗan. Ba ruwanka da bango. Inda ka tsaya, daga nan za ka auna na gaba."

Tsinken na rawa a hannunta, amma zanen na fita. Ta gama babban yatsa, ta ɗaga tsinken, ta mayar da shi kan ɗigon tsakiya, ta ɗan tsaya, sannan ta hau manuni. Na ɗauka hutawa take saboda rawar hannun, sai na kawar da kai don kada ta ga na lura.

A raina kuwa wani abu ne ya faɗo. A littafin injin, ƙasa da PA, akwai wani umarni da na tsallake tun farko don ban ga amfaninsa ba. PR. Shi ba ya cewa je wuri kaza. Cewa yake, daga inda kake, matsa kaza.

"Ka gane, ko in sake?" in ji ta.

"Na gane, Ya."

"Da wuri haka? Falmata shekara ta yi."

"Ni ai ba ƙarfe ba ce," in ji Falmata, ba tare da ta ɗago ba.

Da zan tafi Ya Amina ta ce in ɗauki kwandon nan in kai bakin mota, tunda na zo da farar riga kamar mai duba gona. Na ɗauka. Rigar ba ta sake zama fara ba.

Na koma shago na share duk abin da na rubuta a baya. Na sake gina ganye ɗaya da PR, daga gindinsa zuwa bakinsa, yadda duk inda na ajiye wuƙa zai fito iri ɗaya. Na gina furen tsakiya haka. Na ce wa Falmata duk macen da za a yi wa, ta ɗauko mini hoton tafinta a shimfiɗe, da kwalin ashana a gefe. Kwalin ashana girmansa ɗaya ne ko a gidan wa, da shi zan san girman hannun.

Hoton farko na Rukaiya ne, hannun hagu, wanda ban ɓata ba. Na saka sikoci, na tura umarni. Fure ya fito daidai. Babban yatsa ya fito, sai dai a ganyen ƙarshe na sa tsallaken ya ɗan zarce. Kaɗan ne, ido ba zai kama ba. Amma manuni ya tashi daga wannan kuskuren, na tsakiya ya tashi daga na manuni. Kafin a kai ƙaramin yatsa wuƙa ta bar hannun gaba ɗaya, ta fita gefen sikoci tana kartar roba.

Kawu ya leƙo. "Wannan hannun aljani ne?"

Na kashe injin. Na fita na zauna a kan benci a ƙofar shago, ina kallon masu ɗora buhunan tattasai a kan babbar motar Damagaram. Ba zan ɓoye muku ba, na ga kaina a saman buhunan nan, ina komawa zauren Baba. PA ba ya ɓata hanya amma bai san hannu ba. PR ya san hannu amma in ya yi tuntuɓe sau ɗaya sai ya ja kowa su faɗi tare. Farar mota mai eriya ta wuce ta gabana ta nufi unguwar su Falmata. Ban ga direban ba. Ba sai na gani ba.

Sai tsinken nan ya dawo mini. Ɗagawa, komawa kan ɗigo, tsayawa.

Na rubuta wa Falmata, "Tambayi Ya, me ya sa take komawa tsakiya bayan kowane yatsa?"

Amsar ta ɗan jima.

"Ta ce sai yanzu ka gani? Ta ce in reza ta karkace a yatsa ɗaya, kada karkatar ta bi ta zuwa na gaba."

Wani saƙon ya biyo. "Ta ce ashe kana da ido."

Ashe ba hutawa take ba. Na tashi na shiga. Layi ɗaya na ƙara a ƙarshen kowane yatsa: PU, sannan PA da lambobin tsakiyar tafi. Ɗaga wuƙa, koma gida, sake tashi. Cikin yatsa a yi tafiya da PR, tsakanin yatsu a dawo da PA. Na saka sabon sikoci.

Wannan karon da wuƙa ta tsaya, na ɓare hudojin da allura, na ɗaga shi a hasken ƙofa. Kawu ya zo ya tsaya a bayana. Sai ya je ya zuba mini shayi a kofinsa na kansa.

Ana jibi lalle Ya Amina ta zo shagon da ƙafarta. Lafaya baƙa mai bakin zinariya, ƙamshin turaren wuta ya riga ta shigowa. Falmata na bayanta riƙe da jaka. Kawu ya goge kujera da hularsa.

"Ba zama na zo yi ba, Malam Barau. Ina ƙarfen?"

Na saka sikoci. Na buɗo umarnin hannun amarya. Na danna.

Kan injin ya zarce tsakiya, ya sauke wuƙa, ya zagaya fure. Ya ɗaga. Ya hau babban yatsa, ganye, tsallake, ganye. Ya ɗaga, ya dawo tsakiya, ya ɗan tsaya kamar mai numfashi, ya hau manuni.

Ya Amina ta matso. Da wuƙar ta sake dawowa tsakiya, na ga hannunta na dama ya fito daga cikin lafaya, yana bin ta a iska. Rawar tana nan, ba ta ɓoye ba. Ta yi wata magana da Barbarci a hankali. Falmata ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jaka.

"Me ta ce?" na tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ta ce haka kakata take yi."

Injin ya tsaya. Ya Amina ta karɓi sikocin ta kai shi kusa da ido, ta juya shi, ta shafa bakin yankan da ɗan yatsa.

"Ganyen yatsan zobe ya yi ƙiba. Amarya ce, ba kabewa ba. Ce wa wuƙar ta rage."

Na canza lamba biyu. Na sake turawa.

"Furen kuma ta buɗe masa baki kaɗan, lalle ya samu wurin zama."

Na canza. Ta sake dubawa. Ta sa na gyara wuri huɗu ko biyar, tana tsaye, tana ba da umarni kamar wuƙar ɗiyarta ce. Kawu ya manta da rediyonsa. A ƙarshe ta miƙa wa Falmata sikocin ta ce ta sa a jaka, kada ya lanƙwashe.

"Tana jin magana," in ji ta, tana kallon wuƙar. "Ta fi ka."

"Ke kika koya mata, Ya."

"Kada ka yi mini daɗin baki, bai dace da fuskarka ba." Ta kai ƙofa ta juyo. "Ba a gama ba. Sai an wanke hannu."

Ranar lalle tun da hantsi na gama na duk waɗanda aka turo hotonsu, kowanne cikin ambulan da sunan mai shi. Falmata ta zo ta karɓa, sanye da ankon biki, atamfa kore da ɗankwali ta ɗaura shi gefe. Ba ta tsaya hira ba. Na zauna ina jiran hukunci.

Kafin azahar waya ta yi ƙara. Falmata ce, bayanta hayaniyar mata.

"Nasidi, dangin ango sun iso daga Maine. Mota cike. Uwar ango ta ce su ma irin na amarya suke so a yatsu, wai ko ba a shirya da su ba ne. Matar Alhaji ta kalli Ya."

"Ya me ta ce?"

"Ta ce a kawo ashana."

Na miƙe tsaye. "Turo."

Hotuna suka fara shigowa, waya na ta tsalle a kan tebur. Hannun tsohuwa mai jijiyoyi. Hannun wata mai zobba har uku, na ce a cire a sake ɗauka. Hannun wata doguwa da yatsanta na tsakiya ya ci ganye fiye da na kowa. Da tsohon rubutuna ne, kowane hannu sai in wuni a kansa. Yanzu tsakiya kawai nake nema, da gindin kowane yatsa, da yawan ganyen da zai ɗauka. Sauran duk Ya Amina ta riga ta faɗa, wuƙa ta riƙe.

Ina turawa, inji na yanka, ina ɓarewa. Matsala ɗaya, wa zai kai? Ba zan iya barin injin ba.

Kawu Barau ya kalli ambulan ɗin, ya kalle ni. "Ni? Da furfurata? In tsaya ƙofar gidan biki ina miƙa wa mata sikoci?"

"Wuƙarka ce ta yanka, Kawu."

Ya sa hula yana gunaguni. Ya je ya dawo, ya sake komawa. A zuwa na uku ya dawo da kwanon shinkafa da ƙafar kaza, da fara'a har kunne, yana cewa wata gwaggon ango ta tambaye shi ko yana da mata nawa.

Daga nan sai shiru. Lalle na son lokaci kafin ya kama, a naɗe hannu a jira. Na yi la'asar, na share shago, na goge injin da bai yi datti ba. Na buɗe waya na rufe, na buɗe na rufe.

Sai hoto ya shigo.

Hannuwa ne a zagaye a kan farar tabarma, an haɗa su kamar ana ɗumi. Manya da ƙanana, baƙaƙe da farare. Kowane tafi da furensa a tsakiya, daidai tsakiya. Kowane yatsa ganye ya hau shi har ƙarshe, ja kamar tattasan bakin kogi. A tsakiyarsu hannun amarya. A gefe ɗaya na hango na Rukaiya, na hagu, ta tura shi gaba, na daman ta ɓoye.

Saƙon murya ya biyo. Guɗa ce ta fara cika kunnena, sannan muryar wata mata tana cewa, "Ya Amina, ashe hannunki ya dawo." Sai muryar Ya Amina, a sanyaye, kamar ana tambayarta farashin gishiri: "Da ina ya je?"

Ƙarƙashinsa Falmata ta rubuta kalma ɗaya. "Nasidi;"

Da waƙafi mai ɗigo. Na sa wayar a aljihu na fita bayan shago, don kada Kawu ya ga fuskata.

Masu karatu, na san wasunku za su ce to shi ke nan, a kawo goro. Ni ma haka na ɗauka. Ku saurara.

Bayan biki aiki ya buɗe. Masu lalle biyu daga wata unguwa sun zo tambaya, na ce su je wurin Ya Amina, zanen nata ne. Na je gidansu na yi sallama, aka amsa, har aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Amma da na fito, farar motar na fake a bakin lungu. Isma'ila ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Talata kuma Kawu ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, shuɗiya mai aiki a wuya, ya fesa turare. Na ce ina zuwa? Ya ce yaushe na fara tambayarsa. Ya dawo kafin azahar, rigar na ƙamshin turaren wuta irin na gidan Ya Amina, ya cire ta ya ninke, ya kunna rediyo. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce in ji da aikina.

Washegari da hantsi ina yanka sunan wani butik, ƙamshin turaren wuta ya shigo. Ya Amina ce, Falmata a bayanta, ta ja lafaya har goshi. Wannan karon Ya Amina ta zauna a kujerar. Ta buɗe jaka ta fito da kwalin ashana, ta ajiye a kan teburin yanka. Ta kamo hannun Falmata ta shimfiɗa a gefensa, tafi sama. Ƙaramin yatsan ya karkata waje kamar kullum.

"Ɗauki hoto."

"Ina da awon wannan hannun, Ya."

"Na sani," in ji ta. "Wancan na gwaji ne. Wannan na amarya za ka yanka. Hannu da ƙafa, cikakke. Akwai wani fure da ban nuna maka ba, uwata ta yi mini shi, ban taɓa yi wa 'yar kowa ba. Gobe ka zo in zana maka a ƙasa."

Na ɗaga wayar. Na ɗauki hoton. Na kalli Falmata, ta kafe ido a kan wuƙar injin kamar yau ta fara ganinta. Na kalli Kawu, ya sunkuya yana murɗa rediyo, alhali tashar a daidai take. Ya Amina ta mayar da ashanarta cikin jaka, ta fara gyara lafaya za ta tashi.

Na ji bakina zai rufe kamar yadda ya saba. Na hana shi.

"Ya," na ce, "angon fa, wane ne?"